Ranar da Auta Bai Tsallake Kwata Ba

Duk dangi an san Gwaggo ba ta tsoron komai. Maciji in ya ji muryarta da safe, shi ke sake unguwa. Guntuwar mace ce mai faɗin kafaɗa, tela, kekenta na ɗinki ya girmi rabin mutanen layinsu, kuma in ta ɗora ƙafa a kansa har kajin maƙwabta sai su yi shiru. Ta binne miji, ta aurar da 'ya, ta taɓa korar ɓarawo da almakashi. Amma akwai tsoro guda da ya zauna mata a ƙirji tun tana da ƙuruciya, mai ƙafa biyu, mai shuɗiyar riga. Shi ne Autanta.

In an ce Auta kada a zaci yaro. Ƙato ne mai gemu, sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Yana ƙarami bai yi magana da wuri ba. Sai dai ya jera marafan kwalba a tsakar gida, layi miƙaƙƙe kamar an ja da zare, wanda ya taɓa ɗaya kuma ya jawo wa gidan kukan wuni guda. Da aka gaji da shawarwarin mutane aka kai shi asibiti, likita ya faɗi sunan abin, otizim, suna kamar na maganin sauro. Ya ce ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, haka ƙwaƙwalwarsa take: tana son yau ta zo daidai yadda jiya ta zo. Taubasai ba su bar maganar ta faɗi ƙasa ba, nan take suka raɗa masa Jiya-i-yau. Gwaggo ta yi zagi, ta yi jifa da takalmi, sunan ya ƙi fita.

Kuma sunan bai yi ƙarya ba. Kofinsa ɗaya, koren roba da ya koɗe ya zama launin da babu sunansa. Rigarsa shuɗiya ce kullum, don Gwaggo ta sayi yadin da zai rufe filin ƙwallo tana yanka masa a hankali. Ya sha shayi da burodi, ta gyara masa wuyan riga, ta shafa gaban rigar da tafin hannu, ya taɓa ƙyauren ƙofa, sannan ya tsallake kwata.

Kwatar nan ta ƙofar gida ba ta fi taƙi ɗaya ba. Ɗan tsako yana ƙetare ta bai sani ba. Amma Auta sai ya tsaya a bakinta, ya haɗa ƙafa biyu, ya durƙusa kaɗan kamar mai shirin ƙetare kogi, ya yi sama ya dira. Dim. Gilashin taga ya girgiza. Gwaggo tana kan keke a ɗaki, sai ta ji wannan dim ɗin take sakin numfashi. Ta nan take sanin ɗanta ya tashi lafiya, don bakinsa ba zai gaya mata ba.

Laifin bakin kuwa, in da laifi, na soyayya ne. Lokacin da ya fara tasawa, in an gaishe shi sai ya yi shiru, ko ya maimaita gaisuwar kamar aku, mutane suna dariya. Gwaggo ta zaunar da shi wata da watanni, da alewa a hannu, har ranar da aka ce masa ina kwana ya ce, "Lafiya lau." Ta yi kukan murna. Shi kuma da ya ɗauki kalmar bai sake ajiye ta ba. Ina gajiya, lafiya lau. Wa ya cinye naman da ke tukunya, lafiya lau. Taubasai su tare shi a hanya su ce, "Jiya-i-yau, gidanku ya kama da wuta," ya ce lafiya lau ya wuce. Ranar da aka rasa mahaifinsa, masu ta'aziyya suna ce masa ya haƙuri, yana ba su lafiya lau ɗaya bayan ɗaya, wasu suna cusa dariya a hannun riga.

Gwaggo ta daina jin abin a matsayin wasa ranar da ta ɗauki takalminsa za ta wanke ta tarar da jini ya daskare a ciki. Ƙusa ya taka tun safe, ya wuni a kanta. Ta riƙe ƙafar ta ce, "Auta, ba ka ji zafi ba?" Ya dubi bango ya ce, "Lafiya lau." Fuskarsa ko gezau. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to ban da wannan fuskar. Tun daga ranar tsoronta ya samu suna: wata rana ciwo zai kama shi a inda ido ba ya gani, a tambaye shi, ya ce lafiya lau, a yarda da shi.

Yayarsa, wadda ake kira Rediyo saboda ba a taɓa samun inda ake kashe ta ba, ta so ta koya masa wasu amsoshin. Ta ce ya ce da sauƙi, ya ce ina jin yunwa, ya ce a'a. Auta ya toshe kunnuwa yana jijjiga jiki gaba da baya, har ya fara buga kai da bango. Gwaggo ta shiga tsakani.

"Ku bar mini yaro da abin da ya iya," ta ce. "Wadda ya iya ɗin ma kun san wahalar da na sha?"

Shi ke nan aka bar shi. Gidan gaba ɗaya ya zama jiya-i-yau: tambaya ɗaya kowace safiya, amsa ɗaya, sannan dim.

Aikinsa a ƙarshen layi yake, shagon wani tsoho mai wanki da guga, siriri kamar sandar mopa ta goge ɗaki, wanda kowa ke kira Mai Guga. Gwaggo ba ta taɓa wuce bakin ƙofar shagon ba. A wurin Auta, Inna ta gida ce. In ya gan ta a shago sai ya rikice kamar ya ga akuya a kan gado. Don haka abin da yake yi a ciki, ita dai ta san yana dawowa da ƙamshin sabulu.

Ana gobe abin zai faru, ya bar rabin burodinsa. Gwaggo ta dubi burodin kamar gawa.

"Auta, lafiya?"

"Lafiya lau."

"Inna, ke ma dai," in ji Rediyo, wadda takan biyo da safe ta kwashi ɗinki ta kai kasuwa. "Mutum ba zai ƙoshi ba? Wannan ƙaton in ya bar burodi har shekara ba zai rame ba."

Washegari ya sha shayin, bai taɓa burodin ba sam. Ta gyara masa wuyan riga, ta ji kamar da ɗumi, ta ce wa ranta zafin shayi ne. Ta koma kan keke ta sa hannun wata riga a ƙarƙashin allura. Ta ji ya taɓa ƙyaure. Ta ci gaba da taka keken tana jira.

Hannun rigar ya ƙare. Ba dim.

Ta ɗauke ƙafa. Gidan ya yi tsit, har tana jin ɗigar famfo. Ta fita ba takalmi.

Yana tsaye a bakin kwata, ƙafafu a haɗe. Ya durƙusa kaɗan kamar kullum, ya tsaya a haka, ya miƙe. Ya sake durƙusawa, ya sake miƙewa. Gumi ya jiƙa bayan shuɗiyar rigar sharkaf, alhali rana ba ta ko gama fitowa ba. Fuskar nan kuwa kamar ta mai jiran mota.

"Auta."

"Lafiya lau."

"Taka ka wuce mana," in ji Rediyo daga bayanta. "Ɗaga ƙafa ɗaya kawai. Jiya-i-yau, yau kuma kogin ne ya cika?"

Ba wanda ya yi dariya, ita ma muryarta ta mutu a ƙarshe. Gwaggo ta ɗora bayan hannu a goshinsa, ya kauce, amma ta riga ta ji. Kamar dutsen guga. Ta ja shi don ya koma ciki ya kwanta, ya ƙi, don ba lokacin shiga gida ba ne. Ta ce ya ƙetare a tafi asibiti, ya ƙi, don bai taɓa ƙetare kwatar nan da taku ba tun da aka haife shi. Gaba ba hanya, baya ba hanya, ƙaton mutum ya maƙale a bakin ramin da bai kai faɗin takalminsa ba. Sai ya sunkuya ya yi amai a cikin kwatar, ya miƙe, ya sake haɗa ƙafa.

Maƙwabta suka fara fitowa. Can sai ga Mai Guga yana tahowa da sauri, tawul a kafaɗa.

"Innar Auta, me ya faru? Tun da nake da shi bai taɓa makara ba. Ni da shi nake saita agogo."

"Ya kasa tsalle," ta ce. Da ta ji maganar a kunnenta ta san yadda take kama da shirme, amma tsohon bai yi murmushi ba. Ya dubi Auta, ya dubi kwatar, ya juya ya tsayar da tasi.

Maza ne suka ɗaga shi. Ihun da ya yi, Gwaggo ba ta ji irinsa ba tun yana yaro. Abin da ya fi ci mata rai, ba ta san na mene ne ba: na ciwo ne, ko na an taɓa shi, ko na an ƙetare da shi kwata ba tsalle. A cikin tasin Rediyo tana gaba, Gwaggo ta zauna kusa da shi ba ta taɓa shi ba, duk ramin da motar ta faɗa sai ta ga yatsunsa sun damƙe kujera.

A asibiti suka samu wata likita matashiya mai tabarau, ta saurare su da kyau. Da aka ce mata yana da otizim, ta sa aka ja labule, ta rage murya.

"Malam, ina ke maka ciwo?"

"Lafiya lau."

Ta taɓa masa kafaɗa, ya yi ihu. Ta taɓa ciki, ya yi ihu. Ta taɓa gwiwa, ihun dai iri ɗaya, ba ƙari ba ragi. Ta ja da baya.

"Mama, ba zan ɓoye miki ba. Zazzaɓi da amai suna iya zama abubuwa da yawa. An ɗebi jini, amma sakamako sai an jira, hoton ciki kuma sai mutum ya kwanta shiru an danna shi. Me kika gani da ya sa kika kawo shi?"

Gwaggo ta gaya mata zancen kwata, tana jin kunya. Likitar ta gyara tabarau.

"Wannan magana ce babba. Wanda ya saba tsalle ya kasa, akwai abin da girgiza ke tayar masa. Amma ciki ne, ko baya, ko mara? In abin da nake tsoro ne, ba ya jiran gobe. In kuma ba shi ba ne, ba zan sa a yanka mutum a kan zato ba. Da zai nuna mini wurin da yatsa, da na san inda zan dosa."

Gwaggo ta durƙusa a gaban gadon. Ta tambaye shi da lallashi, ta tambaye shi da faɗa, ta kira shi da sunan da take kiransa yana goye. Ta ce ciki ne, ta ce kai ne, ta ce Auta don Allah. Kowace tambaya ya mayar mata da abin da ta saya masa da alewa. Leɓensa ya bushe ya yi fari, numfashinsa gajere-gajere, idonsa a kan fankar silin. Ga ranar da ta yi shekaru tana gani a mafarki ta zo, da rana tsaka, kuma ita ce a gabansa, ba baƙi ba, amma ba ta fi baƙin da komai ba.

Mai Guga, wanda ya biyo su ya rakuɓe a jikin labule, ya yi gyaran murya.

"Innar Auta, ni fa ban taɓa tambayarsa lafiya ba. Me zan yi da lafiyarsa, ga kaya jibge? Ni in na shimfiɗa riga a tebur sai in ce masa, ina aibin? Sai ya sa yatsa. Tabon mai, ƙunar guga, maɓallin da ya kusa faɗuwa. Abin da idona bai gani ba shi yake gani."

"Yana amsa maka?"

"Yana cewa nan."

Gwaggo ta dube shi kamar ya ce mata ɗanta yana da mata da 'ya'ya a wani gari. Duk shekarun nan yaron yana da wata kalma a ƙarshen layinsu, ita ba ta sani ba.

"Gwada," in ji likitar.

Tsohon ya matso ya yi muryar shago, busasshiya. "Ina aibin?"

Idon Auta ya sauko daga fanka. Ya ɗaga hannu a hankali ya nuna aljihun farar rigar likita, inda biro ya yi ɗan tabo. "Nan."

"Ina aibin?"

Yatsan ya juya kan mayafin Rediyo, wurin da mai ya ɗiga. "Nan."

"Ka ga ɗan banza," in ji Rediyo, hawaye na zubo mata. "Kana mutuwa ma sai ka tona mini asiri."

Mai Guga ya girgiza kai. "Ba haka ake yi ba. Sai an shimfiɗa masa kayan. Abin da aka shafa da hannu shi yake dubawa. Ni kuwa ba ya yarda in taɓa shi."

Duk suka dubi Gwaggo. A duniya ita kaɗai ce ke taɓa gaban rigar nan, ita ma sau ɗaya, da safe, kuma na yau ya riga ya wuce. Ta goge tafin hannunta a zani. Ta kama wuyan rigar ta gyara kamar yanzu ya gama shan shayi. Bai yi ihu ba. Ta shafa gaban rigar daga ƙirji zuwa ƙasa, a hankali, ba dannawa, yadda ake lallashin yadi mai tsada. Ta ji cikin ya yi tauri kamar katako a ƙarƙashin hannunta.

"Ina aibin?" ta ce.

Tambayar shago ce a bakin gida, kuma ta ga abin ya dame shi. Ya fara jijjiga kai. Hannunsa ɗaya ya tafi kunne. Ta san abin da ke biyo bayan wannan, kuma duk ranta yana ce mata ta bari, ta bar yaro da abin da ya iya. Ta cije leɓe ta sake shafa rigar.

"Ina aibin, Auta?"

"Lafiya," ya ce, ya tsaya. Ya sunkuyar da kai ya dubi rigar, ya bi ta da ido daga maɓalli zuwa maɓalli. Babu tabo a jikinta, ita ta wanke ta. Yatsan ya yi yawo a sama, ya wuce cibiya, ya gangara dama, ya tsaya can ƙasa a kan yadi mai tsabta, bai ko yarda ya taɓa ba.

"Nan."

Likitar ba ta jira an maimaita ba. Ta ce afendis take zato, wata 'yar hanji ce da ke kumbura a daidai wurin. Ta kira mutanenta, aka yi masa allurar da ta kwantar da shi, aka yi hoton, aka tura gadon ɗakin tiyata. Gwaggo ta zauna a benci da shuɗiyar rigar a cinya. Rediyo ta yi shiru na tsawon lokacin da, in da ana ba da lambar yabo, da ta samu. Rana ta karkata kafin likitar ta fito ta ce abin ya riga ya fara tsagewa, da an kai gobe da wani zancen ake yi.

Ya tashi. Kalmarsa ta farko da ya farfaɗo, ba sai an faɗa ba.

Ranar da aka sallamo shi, layin gaba ɗaya ya fito kallon yadda za a ƙare da kwata, don likita ta hana tsalle. Mai Guga ya kawo katakon wani tsohon teburin guga ya ɗora a kai. Auta ya tsaya yana kallon katakon har inuwa ta matsa. Wataƙila ƙamshin shago ya ji a jikinsa. Ya taka ya wuce.

Ɗinkin tiyata ya warke tuntuni, amma katakon yana nan. Ranar da wani ya ɗauke shi zai yi shara, sai da aka tsayar da zirga-zirgar layin kafin a nemo shi. Auta bai sake tsalle ba. Kuma da Gwaggo ta mayar da sabuwar tambayar ta kowace safiya, bai yi sati ba ya mayar da amsar ta kowace safiya: ta shafa riga, ta ce ina aibin, ya nuna tabon tiyata ya ce nan. Da ciwo da babu ciwo, nan. Taubasai suka ce Jiya-i-yau ya ƙaro ilimi, yanzu yana da digiri biyu.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Dim ɗin da take jira ya tafi, sabuwar kalmar ma ta bi sahun tsohuwar. Ga gwiwa ta fara ciwo, ga zare ya fara ƙin shiga allura sai ta nemi mai saka mata.

Sai ta jawo keken ɗinkin zuwa bakin ƙofa. Ta kira Rediyo ta ce ta ci gaba da koyarwar da aka hana ta. Yanzu da yamma Rediyo kan zaunar da shi ta yi masa tambayoyin da bai saba ba, yau wannan gobe wancan, in ya ba da amsar da bai bayar jiya ba ta tafa masa. Yawanci toshe kunne yake yi. In ya fara jijjiga, Gwaggo sai ta taka keke da ƙarfi don kada ta ji, ɗinkin ya karkace, ta farke. Wani lokaci ya ce a'a. Sau ɗaya ya ce ruwa, ba a san ko ƙishi yake ji ba ko famfo ya gani.

Da safe kuma ta sa doka: Rediyo ba za ta ɗauki ɗinki ba sai ta tsaya ta ga fitarsa.

"Me zan kalla, Inna? Kullum abu ɗaya ne."

"Shi za ki kalla. Yadda ya riƙe kofi. Inda ya taɓa a ƙyaure. Ba kullum zan kasance a kujerar nan ba."

Wata safiya Rediyo tana tsaye da waya a kunne, tana ba wata ƙawarta labarin da ba shi da farko balle ƙarshe. Auta ya taɓa ƙyaure, ya zo bakin katako. Kullum da dama yake hawa. Yau ya ɗaga dama, ya mayar, ya hau da hagu.

Bakin Gwaggo ya buɗe, ta rufe shi. Ta damƙe gefen keken har yatsunta suka yi fari, ta kafa wa 'yarta ido. Rediyo tana ta zuba. Auta ya sauka daga katakon, ya kama hanya. Ya wuce shagon mai caji. Ya wuce famfon layi. Shuɗiyar rigar tana ƙanƙancewa.

Rediyo ta katse a tsakiyar kalma. Ta sauke wayar a hankali.

"Auta," ta kira, ta riga ta cire takalmi ta bi shi. "Tsaya in ga ƙafar nan."